Babi na Bakwai: Cikin da Ya Wuce Wata Huɗu

Ba kowace mace ce take gane tana da ciki a wata na farko ko na biyu ba. Mai goyo da ba ta ga al'ada ba tun da ta haihu takan ɗauka shayarwa ce ta riƙe jinin, sai ta wayi gari da kwanika. Wadda take allurar tazarar haihuwa ta saba da ɗaukewar jini, don haka ba ta lissafin komai. Wadda aka saka kwanan nan tana iya zaton ta gama idda alhali da ciki ta fito. Ita kuwa yarinyar da aka yaudara ko aka yi wa fyaɗe, sau da yawa ta sani, tsoro ne ya hana ta yarda: tana tamke cikin da ɗankwali, tana zumbula hijabi har ƙasa, tana cewa shawara ce ko zazzaɓi ke damunta. Dukansu suna haɗuwa ne a kan gadon awo, ranar da ma'aikaciya ta ɗora hannu a mara ta bi sama har ta ji kan mahaifa ya iso cibiya. Idan ya iso nan, cikin ya kai kimanin mako 20. Jariri yana motsi, ana jin bugun zuciyarsa, hoton ciki yana nuna hannu da ƙafa da ƙashin baya, abin da ya rage kafin haihuwa kuma bai wuce wata huɗu da 'yan makonni ba.

Abin da nake son kafa hujja a kansa a wannan babi shi ne: a wannan mataki tambaya ta riga ta canza, amma yawancin gidaje suna ci gaba da amsa tsohuwar. Tsohuwar tambaya ita ce yadda za a yi cikin ya ɓace. Sabuwar ita ce a hannun wa wannan ɗa zai tashi, da wane suna, kuma wa zai yanke shawarar. Muna da amsa a al'adarmu da addininmu, wato riƙo, wanda ya fi tsarin mayar da ɗan wani naka da Turawa suka daɗe a kansa adalci ta fuskoki da dama. Sai dai mun hana wannan amsa ga yaron da ya fi kowa buƙatarta, kuma inda muke bayar da ita ba ma kafa mata shaida ko sharaɗi.

Bari a fara da ƙofar da ake fara ƙwanƙwasawa. Dokar final kot da ke aiki a Arewacin Nijeriya, a sashe na 232, ta haramta zubar da ciki sai idan an yi ne da kyakkyawar niyya don ceton ran uwa, hukuncin kuma yana iya kaiwa ɗaurin shekara 14. A fiƙihu, mashahurin ra'ayin Malikiyya ya hana zubarwa tun daga shigar ciki, sauran mazhabobin da suka sassauta a farkon ciki ma sun haɗu a kan haramci bayan kwana 120, lokacin da hadisin Ibn Mas'ud ya nuna ana busa rai. Duk da haka ana yi. Cibiyar bincike ta Guttmacher ta ƙiyasta cewa a shekarar 2012 kaɗai an zubar da ciki kimanin miliyan 1 da dubu 250 a Nijeriya. Abin da mai kemis ɗin bayan layi ba ya gaya wa uwar yarinya shi ne hatsarin yana ƙaruwa da kowane mako da ciki ya ƙara. Ƙwayar da ta fitar da cikin wata biyu, idan aka ɗura wa mai cikin wata biyar ba tare da likita ba, tana iya barin mabiyiya a maƙale, jini ya ɓalle, ko mahaifa ta ruɓe; ƙarfen da aka zura da ka kuwa yana huda mahaifa har ya taɓa hanji. Kuma wannan a ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata dubu 82 sun mutu saboda ciki da haihuwa a 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan irin wannan mutuwa a duniya. Inda likita ya tabbatar ran uwa yana cikin hatsari, doka da malamai duk sun buɗe ƙofa, kuma asibiti ne wurinta. Abin da ake yi a ɗakin baya don gudun surutun unguwa wani abu ne daban.

Ƙofa ta biyu ita ce auren rufa-rufa, a nemo wanda ya yi cikin ko wani ɗan'uwa mai haƙuri a ɗaura da gaggawa. A wata na biyar lissafi ma ya ƙi. Malamai ba sa danganta ɗa ga miji idan an haife shi kafin cikar wata shida da aure, Malikiyya kuma ba su yarda a ɗaura wa mai cikin zina aure ba sai ta haihu. Saboda haka auren bai ba yaron nasaba ba, bai kuma rufe bakin masu ƙirga watanni a gidan suna ba.

Idan ƙofofin nan biyu suka rufe, abin da yawancin gidaje ke zaɓa shi ne ɓoyo, kuma a ganina shi ne mafi munin zaɓi, domin ba a ma ɗaukarsa a matsayin zaɓi. Yarinyar da aka kulle a ƙuryar ɗaki ba ta zuwa awo. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin haihuwa, ita ko sau ɗaya ba ta gani ba. Ba ta sha maganin ƙarin jini ba, ba ta sha na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake fara bayarwa daga wata na huɗu ba, ba a yi mata allurar sandarewar wuya ba, ba wanda ya auna jininta balle a gano hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga. Ranar naƙuda ba a kiran ungozoma, don kada labari ya fita. Doguwar naƙuda a ƙugun da bai gama girma ba ita ce babbar hanyar yoyon fitsari. Bayan duk wannan sai a tsinci jariri a kwali a bakin masallaci, ko a bola, ko a cikin masai, mai unguwa ya kai wa 'yan sanda, su kai asibiti, daga nan zuwa gidan marayu irin na Nasarawa a Kano. An ce an rufa asiri, amma yarinya ta aikata laifin jefar da yaro wanda doka ke hukuntawa, jaririn kuma ya rasa uwar da yake da ita.

Dole a faɗi gaskiya cewa tsoron nan yana da tushe. Malikiyya ce kaɗai a cikin mazhabobi huɗu take ɗaukar bayyanar ciki ga marar aure a matsayin hujjar zina, kuma mutane ba su manta da shari'o'in zina da aka yi wa Safiya Husaini a Sakkwato da Amina Lawal a Katsina ba. Amma ya kamata a tuna yadda shari'o'in suka ƙare: kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci ne suka sallame su, Safiya a watan Maris na 2002, Amina a watan Satumba na 2003, kuma a ta Amina an yi la'akari da hukuncin kwantaccen ciki na Malikiyya, wanda ya yarda ciki yana iya daɗewa shekaru bayan rabuwa da miji. Idan aka koma asali kuwa, Imamu Muslim ya ruwaito labarin mata biyu da suka zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansu suna iƙirari alhali suna da ciki. Ɗaya ya kira waliyyinta ya umarce shi ya kyautata mata har ta haihu. Ɗayar ya mayar da ita har ta haihu, ya sake mayar da ita har ta yaye, sa'an nan ya damƙa yaron ga wani daga cikin Musulmi. Ko a wurin da laifi ya tabbata da bakin mai shi, an fara ne da lafiyar mai ciki, da nonon jariri, da hannun da zai riƙe shi. Gidan da ya kori 'yarsa da tsohon ciki da sunan kishin addini ya bar waɗannan ukun duka.

Kafin a yi maganar ba da yaro, sai a fara tambayar ko uwar tana son riƙe abinta. Mafi yawan matan da suke tunanin rabuwa da jariri ba ƙinsa suke yi ba, rashin wurin zama ne da rashin abin ciyarwa. Ga wadda aka saka da ciki, shari'a ta riga ta yi magana: iddarta ba ta ƙarewa sai ta haihu, ciyarwa tana kan mijin, renon yaro kuma a Malikiyya haƙƙin uwa ne, bayanta sai uwarta, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Aikin dangi a nan shi ne su kai ƙara wurin alƙali idan uban ya noƙe. Ga marar aure kuwa akwai darasi daga Maroko, ƙasar Malikiyya kamar tamu. A 1985 wata ma'aikaciyar jinya mai suna A'isha Esh-Shenna ta kafa ƙungiya a Kasabalanka don matan da suka haihu ba aure. Ta lura cewa waɗanda ke ajiye jariransu a asibiti suna kuka suke tafiya, sai ta samar musu wurin reno da sana'a, girki da gyaran jiki da ɗinki, har su tsaya da ƙafarsu. An zage ta a kan mumbari, ta ci gaba har rasuwarta a 2022. Duk shawarar ba da riƙo da aka yanke ba tare da an gwada wannan hanya ba, talauci ne ya yanke ta, ba uwa ba.

To, idan an gwada kuma ba ta yiwu ba fa? Akwai yarinya 'yar aji biyu a sakandare, akwai wadda ganin jaririn ke tuna mata wanda ya yi mata fyaɗe, akwai matar aure mai 'ya'ya takwas da miji a kwance. A nan ne tarihin Turawa yake da amfani, domin sun gwada hanyar da wasu ke sha'awa a yau, sun kuma ga ƙarshenta. Shekaru da dama a ƙarni na 20, a Ostareliya da Ailan da Ingila da Amurka, ana tura 'yan mata masu ciki gidaje na musamman, a sa su sa hannu suna cikin zafin haihuwa, a ɗauke jaririn, a ba shi sabuwar takardar haihuwa da sunan wasu iyaye, a rufe tsohuwar. A ranar 21 ga Maris, 2013, Firayim Ministar Ostareliya, Julia Gillard, ta nemi gafarar waɗannan iyaye da 'ya'yansu a madadin ƙasa. A Ailan, rahoton hukumar bincike na Janairun 2021 ya gano cewa yara kimanin dubu 9 sun mutu a gidaje 18 irin waɗannan tsakanin 1922 da 1998. Abu biyu ne suka lalata tsarin: karɓar amincewar uwa cikin matsi, da yanke yaro daga asalinsa. Shi ya sa yau a ƙasashen da yawa aka koma ga tsarin da uwa take sanin gidan da ɗanta yake. Mu ma mun ɗanɗana abin da sirri ke haifarwa idan kuɗi suka shiga: gidajen da ake tara 'yan mata masu ciki a kudu maso gabashin Nijeriya ana sayar da jariransu, da shari'ar da ta girgiza Yamai daga 2014, inda aka tuhumi mutane da dama, har da matan manyan ƙasa, da shigo da jarirai daga Nijeriya suna cewa su suka haifa.

Musulunci ya toshe wannan ɓarna tun farko ta hanyar raba abu biyu da Turawa suka haɗa, wato reno da nasaba. Zaidu ɗan Harisa ya tashi a gidan Annabi har ana kiransa da sunansa, sai Suratul Ahzab ta sauka ta umarci a kira 'ya'yan riƙo da sunan ubanninsu, idan ba a san ubannin ba to 'yan'uwa ne a addini. Ba a hana riƙon ba, canza asali aka hana. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa a zamanin Umar an kawo masa tsintaccen jariri, ya hukunta cewa ɗa ne ba bawa ba, ya bar shi a hannun wanda ya tsince shi, ya ɗora ciyarwarsa a kan baitulmali. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 20, ta ambaci kafala, wato riƙo irin na Musulunci, da sunanta a cikin halaltattun hanyoyin kula da yaro. Aljeriya ta sa ta a dokar iyali ta 1984, Maroko ta yi mata doka ta musamman a 2002 wadda ta sa alƙali ya binciki mai karɓa ya kuma riƙa bibiyar yaron.

Bahaushe kuwa bai jira wata yarjejeniya ba. Ɗan fari yakan tashi a hannun kaka saboda kunya, gwaggon da ba ta haihu ba a kan ba ta ɗiya bayan yaye, amarya takan tafi da ƙanwa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta reni 'ya'yan dangi ta aurar da su. Yaron riƙo ya san uwarsa, ana kai shi gaisuwa da salla, ba wanda ya ɓoye masa komai. Abin mamaki shi ne, gwaggon da za ta karɓi ɗiyar ƙaninta hannu bibbiyu ita ce za ta ce ba za a kawo mata shege gida ba. Muna cewa ɗa na kowa ne, sai a kan yaron da ba shi da uban da zai tsaya masa maganar take tsayawa. Alhali a fiƙihu yaron nan yana da nasaba cikakkiya ta wajen uwa: yana gadonta tana gadonsa, iyayenta kakanninsa ne, 'yan'uwanta kawunnansa ne. Ba baƙo ba ne a gidan.

Watannin nan huɗu da suka rage su ne lokacin shiri, kuma shirin ba shi da wuya. A fara da katin awo. A samu mutum ɗaya mai riƙe sirri a dangi, inna ko kaka, ta zauna da yarinyar ta ji ta bakinta ba tare da faɗa ba. A tuntuɓi wanda zai iya riƙo, daga dangin uwa tukuna, sa'an nan na nesa, sa'an nan ma'aikatar mata da walwalar jama'a ta jiha, wadda ita ce ke tantance masu neman riƙo daga waje. Amma kada a ƙulla komai kafin haihuwa, domin matar da ta ce ba ta so a wata na biyar tana iya canzawa ranar da aka ɗora mata shi a ƙirji, kuma tana da wannan haƙƙi. A yi masa huɗuba da suna kamar kowane ɗa, a yi masa rajistar haihuwa da sunan uwarsa na gaskiya, ya sha nononta gwargwadon yadda za ta iya. Ranar miƙawa, a zauna a zauren mai unguwa ko gaban alƙali, ga uwa, ga waliyyinta, ga mai karɓa da matarsa, ga shaidu biyu, a rubuta wa zai ciyar, wa zai biya makaranta, yaushe uwa za ta riƙa ganinsa, da abin da zai sa a karɓe shi. Kowa ya tafi da kwafinsa. Ko sisi kada ya shiga tsakani, domin da zarar an ba uwa ko danginta kuɗi, abin ya tashi daga riƙo ya zama ciniki.

Za a ce wannan sauƙaƙa wa masu zina ne, idan yarinya ta san akwai mai karɓa ba za ta ji tsoro ba. Wannan magana ta manta da matan aure da waɗanda aka saka da waɗanda aka yi wa fyaɗe, waɗanda ba su yi laifin komai ba. Ko a kan wadda ta yi, tsoron da ake taƙama da shi yana nan shekara da shekaru, bai hana cikin ba, jaririn kawai ya kai bola. Kuma azabar duk a kan mutum biyu take sauka, uwa da ɗa, na ukun yana majalisa yana shan shayi. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa ba a ɗora wa wani laifin wani. Wanda yake son rage zina yana da wurin aiki a tarbiyya, da tsadar aure, da tallar da ake ɗora wa 'yan mata har dare, da hukunta masu fyaɗe.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma daga masu son yaran yake fitowa: riƙo a ƙasar Hausa sau da yawa bauta ce. Kowa ya san 'yar riƙon da take wanke-wanke 'ya'yan gida suna makaranta, da ɗan riƙon da ake yi wa gori ranar rabon gado. Masu wannan ra'ayi suna ganin gara a mayar da yaro ɗa cikakke da suna da gado, kamar yadda Tunisiya ta halatta tun 1958, kuma kamar yadda dokar haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003 ta tanada ga masu so. Na yarda da ciwon, ban yarda da maganin ba. Cutar da 'yar riƙo tana faruwa ne saboda ba takarda, ba mai bibiya, ba wanda zai zo ya ce ina alkawari. Sunan uba na aro ba ya hana muguwar uwar riƙo duka. Batun gado kuwa shari'a ta bar hanyoyi a buɗe: mai riƙo yana iya yi wa yaro wasiyya har kashi ɗaya cikin uku na dukiyarsa, yana iya ba shi kyautar gida ko gona yana raye a rubuta a damƙa masa. Idan matar gidan ta shayar da shi kafin ya cika shekara biyu, ya zama ɗanta na nono, 'ya'yanta sun zama muharramansa, damuwar hijabi bayan balaga ta kau. Abin da ba a ba shi ba kawai shi ne ƙaryar asali, wadda idan ta tonu, galibi ranar neman aure take tonuwa.

Sauran ƙorafi ɗaya, wanda ba ni da cikakkiyar amsarsa. Akwai yarinyar da in an san sunanta rayuwarta ta lalace, wata ma ranta ne a kan siraɗi, kuma Musulunci ya kwaɗaitar da suturta mutane. Abdul Sattar Edhi a Pakistan ya ajiye gadajen jarirai a ƙofar cibiyoyinsa don a ajiye yaro a tafi ba tare da tambaya ba, kuma ya ceci rayuka da yawa kafin rasuwarsa a 2016. Hakan ya fi bola nesa ba kusa ba, sai dai yaron yana tashi ba shi da zaren da zai bi. Jamus ta samo tsaka-tsaki a 2014: mace tana iya yin awo ta haihu a asibiti da sunan aro, a rufe sunanta na gaskiya a ambulan a ajiye a wata hukuma, yaron ya sami damar buɗewa idan ya cika shekara 16. Ba abin da zai hana kotun shari'a a Kano ta riƙe irin wannan ambulan, ta yadda unguwa ba ta sani ba amma alƙali ya sani. Abin da ake buƙata shi ne majalisar jiha ta yi doka, a ware ma'aikaciya ɗaya a sashen awo na kowane babban asibiti wadda wannan ne aikinta, a kuma ba ta tabbacin cewa abin da mai ciki ta faɗa mata ba zai zama shaida a kanta a kotu ba.